Idanun Zomaye a Firizar Hajiya

Shekarar da aka cire tallafin man fetur ce. Ba na mantawa, domin a bakin Alhaji na fara jin cewa abin alheri ne. Yana zaune a baranda da abokansa, ni ina ƙasa ina ba fulawa ruwa, ya ce ƙasa ba ta ci gaba sai talaka ya koyi haƙuri. Ba a yi mako ba ya tara mu ma'aikatan gidan ya ba mu namu kason haƙurin. Daga ranar janareta sai bayan magariba. Cikin firiza biyu da ke kicin aka kashe ɗaya, aka bar wadda ke kan sola, ita ba ta mutuwa dare da rana.

Ni ne mai lambun gidan, a Nassarawa GRA. Na daɗe a can, har itatuwan da na dasa sun wuce katanga. A bayan bikiyu, wato ɗakunan ma'aikata, ina kiwon zomaye. Alhaji bai taɓa hana ni ba, tunda bai taɓa zagayawa bayan gidansa ba.

Babbar 'yar gidan muna ce mata Dakta. Ba ta gama karatun da ake zama dakta da shi ba a lokacin, amma Alhaji ya riga ya ba ta sunan tun ranar da ta yi rajista, don kada a ɓata lokaci. Tana aure a Hotoro. A gabana ta girma, shi ya sa take ce mini Baba. Tun lokacin sanyi, kafin zancen mai ya taso, ta zagayo bayan bikiyu ta tsuguna gaban kejina. Wata uwa ta haihu ke nan, 'ya'yan jajir, ba gashi, idanu a rufe.

Ta ce, "Baba, yaushe suke buɗe ido?"

Na ce, "Sai sun haura mako. Wajen kwana goma haka."

"To su nake nema."

Sai ta yi mini bayani, da haƙuri kuwa, Allah ya saka mata. Ta ce can cikin ido, a bayan ƙwayar, akwai wani tantani siriri, ya fi ɓawon albasa laushi. Shi ke kama haske. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna dofamin. In gari ya waye haske ya shigo, sai ya yawaita, ya gaya wa ido ya bar ganin dare ya koma ganin rana.

"Amma Baba, saƙo ba ya aiki sai da mai karɓa. A jikin tantanin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin makarɓai, su ke karɓar dofamin ɗin. Ɗan zomo ba ya zuwa duniya da su a cike. Kaɗan-kaɗan suke fitowa yana girma. Ni so nake in ga yaushe suke yawaita, kafin ya buɗe ido ko bayan ya buɗe. In an gane na zomo, an kama hanyar gane na jariri."

Na ce, "To ai ga kujera nan, zauna ki yi ta kallonsu."

Ta yi dariya, sannan ta daina. "Sai an cire idon, Baba."

Zomo ba ɗa ba ne, na sani, na kuma yanka su da hannuna ba adadi. Amma wanda na yanka, an ci. Na ce to a yanka da bismillah, ta ɗauki ido, mu ɗauki nama. Ta ce a'a, allura za a yi musu su yi barci su wuce ba tare da jin zafi ba, naman kuma ba ya ciwuwa bayan maganin. Na dubi 'ya'yan nan da ba su kai babban yatsana ba, na ga ko an yanka ma babu abin ci. Na ce ta ɗauka.

Haka muka yi ta yi har damina ta kawo kai. Ba a ɗauka gaba ɗaya. Wasu ranar da aka haife su, wasu ana gobe-jibi su buɗe ido, wasu sun buɗe, wasu an yaye su, wasu sun zama samari. Ta zo da kwali ta tafi da su makaranta, ta dawo mini da gawarwakin a leda in binne a gindin lemo. Iyayen kuwa ban bar su sun huta ba. Da an yaye sai in mayar da uwa wurin namiji, domin Dakta ta ce ana son aikin ya kammala kafin shekarar karatu ta ƙare.

Kukun gidan Bakatsine ne, ni kuma Bahaɗeje, don haka ba ya ganina ya ƙyale.

"Sarkin zomaye! An ce kai ma za a ba ka digiri. Na binne gawa ne ko na ban ciyawa?"

"Kai dai ji da albasarka, Bakatsine. Shekara nawa kana kuka a kanta ba ta san kana yi ba."

Alhaji shi ma yana alfahari da aikin. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa, "Dakta tana bincike a kan ido." In baƙon ya ce idon me, sai ya ce, "Ido dai, gaba ɗaya."

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Dakta ta shigo da wani farin akwati na roba a cikin kula, fuskarta ba daɗi. Firizar makarantarsu ta kwana ba wuta, an ce ba man janareta. Nasu gidan a Hotoro wutar sai ta ga dama. A cikin akwatin akwai ƙananan kwalabe jere, kowace da ido ɗaya, a daskare. Ta ce in suka narke, makarɓan nan sun lalace, ko an sake daskarar da su aikin banza ne.

Ina tsaye a ƙofar kicin ta baya riƙe da kular, domin iyakata ke nan. Mai lambu ba ya shiga kicin a gidan. Dokar ta girme ni, an ce saboda ƙasar takalmi.

Hajiya ta ce, "Mene ne a ciki?"

"Aikin makaranta ne, Umma."

"Na ji aikin makaranta ne. Mene ne?"

"Idanu."

Hajiya ta ja da baya ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Idanu? A inda nake ajiye kaji? Ke, in wani ya ji ana tara idanu a gidan nan me za a ce? Ubanki yana neman kujera a ƙungiyar 'yan kasuwa."

"Na zomo ne, Umma."

"Wa zai tsaya tambayar na waye?"

Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi: a naɗe shi a baƙar leda, a sa shi can ƙasa, kada ya haɗa ido da kowa. Dakta ta liƙa farar takarda a kai da manyan baƙaƙe: KADA A FITAR. Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, don haka daga bakin ƙofa na haɗa baƙaƙen na karanta. Hankalina ya kwanta. Gida ne na masu ilimi, kowa ya iya karatu.

Da za ta tafi ta same ni a lambu. Za su je Sallah garin mijinta, sai an kwana uku.

"Baba, kai na bar wa. Duk wahalarmu tana cikin akwatin nan. In ya narke sai in maimaita shekara."

"In sha Allahu ba abin da zai same shi."

Haka aka bar wa mutumin da ba ya shiga kicin gadin abin da ke cikin kicin. Kullum da safe sai in leƙa ta taga. "Bakatsine, yaya baƙina?" Ya ce, "Suna nan suna kallon kaji."

Wanda bai taɓa Sallah a GRA ba bai san wahalar masu hali ba. Alhaji ya yanka sa da raguna. Wannan ba komai, an saba, akwai matan da ake kawowa su yi suya. Matsalar ita ce cinya. A layinmu kowane gida yana aika wa kowane gida cinyar rago, a kan faranti, da lulluɓi, direba ya kai. Wanda ya yanka biyar ya aika wa wanda ya yanka bakwai. Ba mai buƙata, ba kuma mai iya ƙin aikawa. Akwai cinyar da na rantse na ga ta fita daga gidanmu da safe ta dawo da la'asar a farantin wani, na gane ta da tabon wuƙa. Hajiya ba ta rabar da cinyar manya. Ta ce wannan ta gidan wane ce, raini ne a ba almajiran layi ko masu gadi. Ajiyewa ake yi.

Washegarin Sallah da hantsi na leƙa taga kamar kullum. Ban ma yi tambaya ba. Baƙar ledar tana kan teburin kicin, kusa da turmi.

"Bakatsine! Me ya fito da wannan?"

"Umarni daga sama, Bahaɗeje. Ba wuri. Murfin firiza ma sai da na hau kai."

"Ba ka ga abin da aka rubuta ba?"

"Na gani. Hajiya ma ta gani. Ita ta ce rubutun Dakta ya yi kyau."

Na roƙe shi ya kira mini ita. Ta fito da kwalliyar Sallah, waya a kunne. Na durƙusa.

"Ranki ya daɗe, akwatin Dakta. Ta ce in ya narke ya lalace."

Ta rufe bakin wayar da hannu. "Na ɗan lokaci ne. A sa shi a kula. Da an rage nama za a mayar."

"Ranki ya daɗe, ko cinya ɗaya a cire. Ɗaya ta isa."

"Wacce? Faɗa mini wacce zan cire. Ta gidan surukai ko ta gidan Alƙali?"

Na rasa wadda zan zaɓa, domin ban san cinyoyin da matsayinsu ba. Na ce to a kunna ɗaya firizar. Ta ce wannan maganar Alhaji ce.

Alhaji yana babban falo da baƙi. Na tsaya a bakin baranda har aka yi azahar. Da ya fito alwala na gaishe shi na faɗa masa. Ya saurare ni sosai, ba zan yi masa ƙarya ba, har kai yake gyaɗawa.

Ya ce, "A kunna janareta da rana tsaka saboda zomo? Kai ka san nawa ake sayar da lita yanzu?"

"Ranka ya daɗe, binciken Dakta ne. Na ido."

"To me ya haɗa binciken Dakta da firiza?"

Baƙo ya kira shi, ya shiga. Da magariba ma da aka kunna janaretan, firizar ba ta tashi ba. Ashe tun da aka kashe ta an mayar da ita ma'ajiyar buhun shinkafa, ɓera kuma ya gama da wayarta. Amma wannan daga baya na sani.

Na kira Dakta. Layin yana yankewa, ana ta hayaniyar mata a bayanta. Ta ce in ba Umma. Hajiya ta karɓa ta ce, "Ke kwantar da hankalinki, yana cikin kula, kamar yana firiza," ta miƙo mini wayata. Dakta ta ce, "Baba, ƙanƙara. Ka cika kular da ƙanƙara, ka barbaɗa gishiri, kada a buɗe. Ko ka samu firizar maƙwabta. Gobe zan taho."

Na fara da maƙwabta. Na rungumi kula na bi layi. Masu gadin duk na san su, tare muke sallah. Gida na farko mai gadi ya shiga ya dawo ya ce firizarsu uku, duk a cike. Na biyu ya ce su ma yanzu suke neman inda za su kai tasu. Ba abin mamaki ba ne, cinyarmu ce a ciki. A gida na uku matar gidan ta yarda, har an buɗe mini ƙaramar ƙofa, sai ta aiko a tambaya mene ne.

Mai gadin ya ce, "Malam, ce musu magani ne."

Ana cikin Sallah, da alwalata, na ga ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "Idanu ne."

Ban kai ga faɗin na zomo ba aka rufe ƙofar, har da sakata. Mutumin nan har yau in mun haɗu a masallaci sai ya bar mutum ɗaya a tsakaninmu.

Na mayar da kular ƙofar kicin, na hau kekena neman ƙanƙara. Washegarin Sallah, ana zafi, kowa na da baƙi. Masu ƙanƙarar kusa duk sun sayar tun safe. Sai can Tudun Murtala na samu, wurin wata mata mai sayar da zoɓo, ita ma sai da na haɗa ta da Allah. Na ɗaure a buhu na taka keke, ruwa na ɗiga a bayana kamar na ɗauko jariri. Na iso da abin da ya rage, ya kai rabi. Na zuba a kula, na barbaɗa gishiri, na rufe, na ɗora dutse a kai. Na ce wa kuku ko gobara ta tashi kada a buɗe. Na tafi sallar la'asar.

Da na dawo dutsen yana ƙasa. A baranda kuwa baƙin Alhaji suna shan lemo, kwalabe na raɓa a cikin baho, ana yabon sanyinsa.

Kuku bai yi mini wasa ba a wannan karon. Ya ce, "Wallahi na faɗa. Hajiya ta ce baƙi daga Abuja ba za su sha lemo da ɗumi ba. Ta ce a ɗauraye gishirin. Na bar maka biyu."

Ya bar mini biyu, gaskiya ne. Guda biyu kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa.

Na sake hawa keke. Mai zoɓo ta rufe. Na dawo na jiƙa buhu na lulluɓe kular, na kai ta gindin mangwaro inda ya fi sanyi a gidan. Abin da muke yi wa randa ke nan a ƙauye. Na san ba zai yi ba, amma hannu ba ya iya zama haka kawai.

Dakta ta iso washegari kafin azahar, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta tsuguna a gindin mangwaro ta buɗe. Ta ɗago kwalba ɗaya ta duba a rana. Idon yana yawo a cikin ruwa, ya yi fari kamar na dafaffen kifi. Ta ɗago ta biyu, ta ƙananan nan da ba su taɓa buɗe ido ba. Ta mayar. Ba ta ɗago ta uku ba.

Na ce, "Dakta, ki yafe ni."

"Ba kai ba ne, Baba."

Hajiya ta fito ta tsaya daga nesa, saboda idanun. "To mene ne na zama a ƙasa? Mayar da shi, yanzu an samu wuri, an soya cinya biyu da safe."

"Ya lalace, Umma."

"Daga kwana ɗaya? Nama ma yana kwana a rataye ba abin da yake yi."

"Umma, na ce kada a fitar. Na rubuta."

"Kin rubuta, ba ki ce ga dalili ba. Kuma ni fa ban zubar ba, a kula na ce a sa." Ta juyo gare ni. "Kai ma da kana wurin, ai sai ka yi bayani yadda za a gane."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

Alhaji ya zo da carbinsa, aka gaya masa. Ya nuna damuwa ƙwarai. Ya ce wannan sakacin makaranta ne, ƙasar nan ba a daraja ilimi, a ce jami'a guda ba man janareta. Sannan ya dafa kafaɗarta.

"Kada ki damu, Dakta. Zomo ne fa. Gobe a je kasuwa a sayo ɗari, ki cire idanun gaba ɗaya ki huta."

"Abba, ba haka ake yi ba. Sai an bi su tun daga haihuwa."

"To a sayo masu ciki."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. Hajiya ta sa kuku ya naɗe mata cinya ɗaya ta kai wa mijinta, ta gidan Alƙali, babbar. Ni aka ba na kai mota. Kwalaben kuma ni na juye na binne, na wanke su na kife a rana, ko za ta nema. Ba ta nema ba.

Malaminta ya ce ba lokacin sake farawa, ba kuma firizar da za a amince da ita. Ta maimaita shekarar, ta canza aiki. Yanzu takardun tambayoyi take raba wa iyaye a asibitin ido, ana cikewa ana ba ta. Ta ce mini takarda ba ta narkewa. Na tambaye ta, makarɓan nan, kafin buɗe ido suke yawaita ko bayan an buɗe? Ta ce Turawa sun duba a nasu dabbobin, yana cikin littafi, amma namu ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba.

Abin da ya tafi: 'ya'yan zomo talatin da biyu. Idanu sittin da huɗu. Iyaye mata biyu da yawan haihuwa ya kashe. Shekara ɗaya ta karatun Dakta. Buhun ƙanƙara ɗaya. Naman Sallah kuwa ko tsoka ɗaya ba ta lalace ba.